Wilhelmshaven, 18 ga Disamba 1939: yadda aka gwada matsakaitan jiragen bom da rana tsaka

A safiyar Litinin 18 ga Disamba 1939, jirage 24 ƙirar Vickers Wellington suka tashi daga filaye uku na gabashin Ingila: runduna ta 9 daga Honington, ta 37 daga Feltwell, ta 149 daga Mildenhall. Biyu sun juyo tun ba a yi nisa ba, 22 suka tsallaka Tekun Arewa zuwa gaɓar Jamus. Kafin magariba an rasa 12 daga cikinsu, mutum 57 sun mutu, kuma ba a jefa wa jiragen ruwan da ke tashar Wilhelmshaven bom ba. Jiragen farauta da Jamusawa suka rasa a wannan arangamar ba su wuce uku ba.

Wannan rana ta fi kowane jadawalin alƙaluma amfani ga mai son kwatanta matsakaitan jiragen bom na farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Matsakaicin jirgi a lokacin shi ne mai inji biyu da farfela biyu, mai ɗaukar mutum huɗu zuwa shida da bom na tan ɗaya zuwa uku, yana gudun kilomita 370 zuwa 450 a sa'a. Birtaniya na da Wellington da Hampden da Whitley. Jamus na da Heinkel He 111 da Dornier Do 17 da Junkers Ju 88. A takarda ratar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Abubuwan da suka raba mai dawowa gida da wanda bai dawo ba, yawancinsu ba sa cikin jadawalin: da me aka lulluɓe tankin mai, ina bindiga ke iya kallo, harsashi nawa ne a cikin gwangwani, wa ya fara ganin wani.

Dokar da aka tashi da ita

Tun 1932 firaministan Birtaniya na baya kuma na gaba, Stanley Baldwin, ya faɗa wa majalisa cewa jirgin bom ko yaushe zai sami hanyar wucewa. Sojan saman Birtaniya sun gina shirinsu a kan wannan fahimta, suka ƙara mata nasu: idan jirage suka tafi a jere, kusa da kusa, kowanne da kejin bindiga mai juyawa, wutarsu za ta haɗu ta kori duk jirgin farautar da ya matso. Saboda haka ba a tanadi rakiya ba. Ko da an so ma, jiragen farautar Birtaniya, Spitfire da Hurricane, ba su da man da zai kai su gaɓar Jamus su dawo.

Ga kuma takunkumin siyasa. A ranar 1 ga Satumba 1939 shugaban Amurka Roosevelt ya roƙi ɓangarorin biyu kada su jefa bom kan fararen hula, Birtaniya kuma ta amince. Abin da ya rage wa rundunar bom shi ne jiragen ruwan yaƙi da ke kan ruwa, nesa da gini. Jirgin ruwa kuwa sai da rana ake ganinsa.

Gwaje-gwajen farko sun bayar da amsa mai ruɗarwa. A 4 ga Satumba an rasa ƙananan jiragen bom ƙirar Blenheim biyar da Wellington biyu a hare-haren Wilhelmshaven da Brunsbüttel, kuma bama-baman da suka sami jirgin ruwan Admiral Scheer ba su fashe ba, don an sake su ƙasa-ƙasa ƙwarai. A 29 ga Satumba Hampden 11 na runduna ta 144 suka je yankin tsibirin Heligoland a ƙungiya biyu, aka kakkaɓo duka biyar na ƙungiya ɗaya. A 3 ga Disamba Wellington 24 suka je Heligoland suka dawo ba a rasa ko ɗaya ba, abin da ya ƙara wa masu aƙidar jeri ƙarfin gwiwa. A 14 ga Disamba kuma, Wellington 12 na runduna ta 99 suka shiga ƙasa-ƙasa saboda hadari, biyar ba su dawo ba, na shida ya faɗi wajen sauka. Hedikwata ta ɗora laifin a kan bindigogin ƙasa, ta wanke jiragen farauta. Maganin da ta fitar ya bi wannan karatun: nan gaba a tashi sama da mita 3,000. Da wannan umarni aka tashi ranar 18.

Jirgi biyu daga takardar buƙata ɗaya

Wellington da Hampden sun fito ne daga buƙata guda ta ma'aikatar sojan sama mai lamba B.9/32, sun yi tashin farko a wata ɗaya, Yunin 1936, kuma nau'o'insu na farkon yaƙi suna amfani da inji iri ɗaya, Bristol Pegasus XVIII mai ƙarfin doki kusan 1,000. Da wuya a sami gwaji mai tsabta irin wannan: inji ɗaya, aiki ɗaya, tunani biyu.

Kamfanin Handley Page, da injiniyansa Gustav Lachmann, sun zaɓi gudu. Suka matse gangar jikin Hampden har faɗinta bai kai mita ɗaya ba, suka siranta jelar, suka ƙi sa kejin bindiga mai inji saboda nauyi da jan iska. Sakamakon shi ne gudun kilomita kusan 410 a sa'a da bom kilo 1,814, da mutum huɗu. Matuƙa sun yaba da sauƙin sarrafa shi da yadda ake ganin waje daga kujera. Kuɗin da aka biya shi ne bindigogi: ɗaya kafaffiya a gaba da matuƙi ke harbawa, sai guda-guda da ake juyawa da hannu a hanci da sama da ƙasa. Matsin ciki ma matsala ce ta kanta. In aka harbi matuƙi, janye shi daga kujera don wani ya karɓi tuƙi aiki ne mai wuyar gaske, kuma a tafiyar sa'a takwas mutum ba shi da wurin miƙe ƙafa.

Vickers sun bi wata hanya. Rex Pierson ya zana Wellington a kan tsarin ginin da Barnes Wallis ya ƙirƙiro: siraran sandunan alminiyom da aka gitta juna kamar saƙar kwando, daga hanci har jela da cikin fukafukai, sannan aka lulluɓe da yadin lilin da aka shafa wa sinadarin ƙarfafawa. Amfanin wannan saƙa shi ne nauyi ba ya bin hanya ɗaya. In harsashi ya yanke sanda biyu ko uku, na kusa da su za su ɗauki lodin. An sha ganin Wellington ya sauka yadin bayansa ya ƙone ƙurmus, ana hango sararin sama ta cikin sandunan, amma jirgin na nan a haɗe. Fukafukansa mita 26 ne da 'yan kai, gudunsa kilomita 378, bom ɗinsa kilo 2,041, mutanensa biyar ko shida. Nau'in IA da ya je Wilhelmshaven yana da keji mai aiki da matsin mai a hanci da bindiga biyu, wani a jela da bindiga biyu, da na uku da ake zuro shi ta ƙarƙashin ciki. Duk bindigogin Browning ne masu harsashin milimita 7.7, irin na bindigar sojan ƙasa.

Whitley ba ya cikin wannan gasar ta rana. Tun asali don dare aka yi shi. Ya fi su ɗaukar kaya, kilo 3,175 a nau'i na V, kuma kejin jelarsa na da bindiga huɗu, amma nawarsa ta sa a watannin nan aikinsa shi ne watsa takardun farfaganda a kan biranen Jamus cikin duhu. Wannan aikin da ake yi wa dariya shi ne ya nuna cewa da dare asara kaɗan ce.

Abin da ya faru a sama

Kwamandan ayarin, Richard Kellett, ya bi da su ta arewa don kauce wa jiragen ruwa masu bindigogin kakkaɓo da ke kusa da tsibiran gaɓa, sannan ya karyo kudu. Kowane jirgi na ɗauke da bom huɗu masu kilo 227 na huda sulke. An yi fatan samun gajimare da za a fake a ciki. Kafin a kai gaɓar Jamus gajimaren ya watse, sama ta yi tas.

Jamusawa na da na'urar rada mai suna Freya a Heligoland da kuma tsibirin Wangerooge. Ta Wangerooge, wadda Laftanar Hermann Diehl ke kula da ita, ta hango ayarin tun yana nesa da sama da kilomita 100. Da ya kira filin Jever aka ƙi yarda, aka ce ko tsuntsayen teku ne ko na'urar ce ke wasa, don ba wanda ya zaci Ingilishi za su zo a rana mai haske haka. Wannan jinkirin ya sa ayarin ya iso saman Wilhelmshaven bayan ƙarfe ɗaya na rana ba tare da an tare shi ba. Jiragen ruwan yaƙi na nan, amma a cikin tasha, jingine da gini. Bisa doka ba za a taɓa su ba. Aka buɗe ƙofofin bom, aka sake rufewa.

Bindigogin ƙasa ba su kakkaɓo kowa a saman tashar ba, amma sun yi abin da ya fi haka illa, sun wargaza jerin. Ayarin ya zo ne a ƙungiya huɗu. Biyun gaba da ke tare da Kellett suka riƙe matsayinsu. Runduna ta 9 a hagu da ta 37 a baya suka buɗe don kauce wa wuta, tazara ta shiga tsakaninsu da na gaba, har tsakanin jirgi da jirgi. Da suka fita daga inuwar bindigogin ƙasa suka nufi teku, jiragen farautar da ke ƙarƙashin Carl Schumacher suka same su: Messerschmitt Bf 109 mai inji ɗaya da Bf 110 mai inji biyu, kimanin 44 ne suka yi arangama da su. An yi ta bin su har cikin teku. Runduna ta 37 ta rasa biyar cikin shida, ta 9 ta rasa biyar cikin tara, ta 149 ta rasa biyu. Goma aka kakkaɓo nan take, biyu suka faɗa teku a hanyar gida, wasu kuma suka yi saukar dole a Ingila da raunuka. Jamusawa sun yi iƙirarin 38, fiye da adadin da ya zo gaba ɗaya, abin da ke faruwa a duk inda matuƙa da yawa suka harbi jirgi ɗaya.

Me ya lalace, kuma don me

Na farko, tankin mai. Tankunan Wellington na cikin fukafukai, kuma a lokacin ƙarfe ne tsirara. Harsashi ɗaya ya isa ya buɗe rami, fetur ya riƙa fita a matsayin farin feshi a bayan fiffike. Harsashi mai kunna wuta na gaba, ko tartsatsin bututun hayaƙi, ya gama aikin. Matuƙan Jamus da kansu sun ba da rahoton cewa Wellington na saurin kamawa da wuta. Wanda bai kama ba kuma mai ya tsiyaye masa a tsakiyar teku. Ƙarfin saƙar Wallis ba ya maganin wannan, don sanduna suna iya tsayawa daram alhali fiffiken na ci. Maganin sananne ne, kuma Jamusawa sun riga sun sa shi a He 111 da Do 17 da Ju 88: a naɗe tanki da fata da ɗanyen roba a tsakiya da gasasshen roba a waje. In harsashi ya huda, fetur ya taɓa ɗanyen roban, sai ya kumbura ya toshe ramin. Yana ƙara nauyi, yana rage yawan man da tanki ke ɗauka, kuma ba ya jure harsashin milimita 20 mai fashewa. Ga ƙananan harsasai kuwa, shi ne bambancin wuta da rami kawai. Matuƙan Spitfire da Hurricane sun yi mamakin yawan harsasan da He 111 ke sha kafin ya faɗi, kuma wannan tanki na cikin dalilan.

Na biyu, inda bindiga ke kallo. Kejin hanci da na jela ba sa juyawa har su kalli gefe sosai, fiffike da jela ma suna tare musu wani sashe. Na ƙarƙashi yana rage gudu in an zuro shi, kuma maharbin da ke ciki ba ya gani da kyau. An zana tsarin ne a kan zaton cewa a irin gudun zamani jirgin farauta ba zai iya kai hari sai ta baya, domin harbi daga gefe yana buƙatar auna gaban abin da ke gudu. Jamusawa suka nuna ana iyawa. Suna zuwa daga gefe da ɗan sama, inda babu bindigar da za ta amsa, su zuba wuta a tushen fiffike inda tanki yake.

Na uku, girman harsashi. Bf 110 na ɗauke da igwa biyu na milimita 20 da mashinga huɗu, duk a hanci, duk suna kallon wuri ɗaya. Yana iya fara harbi daga nesan da harsashin 7.7 ya riga ya rasa ƙarfi. Gudunsa ya haura kilomita 500, wato ya fi Wellington da sama da kilomita 120 a sa'a, don haka shi ke zaɓar lokaci da kusurwa. Maharbin jela kuma yana zaune ne cikin sanyin Disamba a tsayin mita 4,000 da wani abu, yatsunsa sun sandare, kuma in aka huda bututun man da ke juya kejin, kejin ya tsaya cak.

Na huɗu shi ne jerin, kuma a nan hedikwata ta tsaya. Hujjarta tana da ƙamshin gaskiya: waɗanda suka matse da Kellett sun fi tsira. Amma riƙe jeri na jirage 22 daga rundunoni uku da ba su saba tashi tare ba, cikin ruwan wuta, abu ne da ba a horar da su a kai ba. Kuma jeri mai kyau yana rage asara ne kawai, ba ya rufe ramin da ke gefe. 

An ɗauki matakai. An ba da fifiko ga tankuna masu toshe kansu da farantan sulke. A nau'in IC an cire kejin ƙarƙashi aka sa bindigogi a tagogin gefe. Daga nau'i na III jela ta koma bindiga huɗu. A ɓangaren Hampden, Arthur Harris, wanda ke jagorantar rukuni na 5 a lokacin, ya nemi wani kamfani a Gainsborough ya ƙera mariƙin da ya ninka bindigogin sama da na ƙasa zuwa bibbiyu. Duk da haka a 12 ga Afrilu 1940, a harin da aka kai gaɓar Nowe, an rasa Hampden shida da Wellington uku. Can ne aka ga Bf 110 yana jerawa da Hampden ta gefe, ɗan gaba kaɗan, inda ba bindigar da ke kaiwa, maharbinsa na baya yana auna matuƙi a natse. Daga nan manyan hare-haren rana na waɗannan jirage biyu suka ƙare.

Da jiragen Jamus ne fa?

Amsar ta zo wata takwas bayan harin Wilhelmshaven. A 15 ga Agusta 1940 rundunar sama ta 5 ta Jamus ta aiko da hari daga Nowe da Denmak zuwa arewa maso gabashin Ingila, bisa zaton cewa an kwashe jiragen farauta zuwa kudu. Nisan ya fi ƙarfin Bf 109. He 111 sama da 60 suka zo da rakiyar Bf 110 na ƙungiyar I./ZG 76, wadda ita ce ta yi wa Wellington ɓarna a Disamba. Radar Birtaniya ta gan su tun suna teku. Aka kakkaɓo He 111 takwas da Bf 110 bakwai. A kudu da nan Ju 88 kimanin 50 suka zo babu rakiya, suka lalata Whitley goma a ƙasa a filin Driffield, suka rasa aƙalla shida. Rundunar ba ta sake gwada babban harin rana daga can ba.

A wajen kare kai jiragen Jamus sun fi Wellington rauni. Babu keji mai inji ko ɗaya a cikinsu. He 111 ya shiga yaƙi da mashinga uku kacal ƙirar MG 15, ana juya su da hannu cikin iska mai ƙarfi. Gwangwanin MG 15 na ɗaukar harsashi 75, bindigar kuma tana fitar da kusan 1,000 a minti. Lissafin bai kai daƙiƙa biyar na harbi ba, sai maharbi ya cire gwangwani ya ɗora wani da safar hannu mai kauri, jirgin farauta na matsowa. Browning ɗin Wellington da jigida yake sha, ba ya tsayawa. Da aka ƙara bindigogi a tagogin He 111 da Do 17 da Ju 88, ba a ƙara mutane daidai da su ba, sai ya zama mutum ɗaya na tsalle tsakanin bindiga biyu ko uku. Akwai kuma al'adar tara ma'aikata duka a gaba cikin ɗakin gilashi, musamman a Do 17Z da Ju 88. Tana sauƙaƙa magana da taimakon juna, amma harin gaba da gaba ɗaya yana iya gamawa da kowa.

A tsakaninsu ukun, Do 17Z ne mafi ƙarancin amfani ta fuskar kaya. Injinsa Bramo 323 mai sanyaya da iska ne, yana jure harbi, kuma jirgin na da daɗin tuƙi ƙasa-ƙasa, shi ya sa aka tura tara su bi saman itatuwa zuwa filin Kenley a 18 ga Agusta 1940, inda huɗu suka salwanta, sauran suka koma da raunuka. Amma bom ɗinsa tan ɗaya ne, kuma da cikakken lodi ba ya wuce kilomita 330 ya juyo. An daina ƙera shi a 1940.

He 111, wanda tagwaye Siegfried da Walter Günter suka zana, ya yi tashin farko a Fabrairun 1935, yana ɗaukar tan biyu a ciki, kusan daidai da Wellington, da gudun kilomita 400 ko sama kaɗan. Injinansa, Jumo 211 ko Daimler-Benz 601, da ruwa ake sanyaya su, kuma rami ɗaya a lagireto ko bututu ya isa ya kashe inji cikin mintuna. Pegasus ɗin Wellington da Hampden ba shi da wannan lagon.

Ju 88 ne sabo, kuma shi ne mafi kyau a cikin shidan in ana maganar tsira da rana. Gudunsa ya kai kilomita 450, kuma da zarar ya zubar da kaya ya sunkuyar da hanci, kama shi sai da wahala. An so ya fi haka gudu. Sharaɗin da aka ƙaƙaba masa na ya riƙa kai hari a tsaye daga sama ya jawo ƙarin ƙarfe a fukafukai da birkin iska, nauyi ya hau, gudu ya sauka. Nau'in A-1 kuma ya zo da matsalolin ƙuruciya da suka jawo haɗurra da yawa. Duk da haka an ƙera kusan 15,000, ya yi aikin bom da leƙen asiri da jefa tofido da farautar dare har ƙarshen yaƙi.

Rumbun bom da abin da ke cikinsa

Alƙaluman lodi suna ɓoye wani abu. Rumbun He 111 akwatuna takwas ne a tsaye, kowanne na ɗaukar bom mai kilo 250, hanci sama, ya faɗo ta jela ya juya a iska. Bom da ya fi haka girma sai a rataye shi a waje, ya toshe ƙofofin ciki ya kuma ja iska. Rumbun Ju 88 na ƙananan bama-bamai ne masu kilo 50, manyan suna ƙarƙashin fiffike tsakanin inji da gangar jiki, don haka gudun nan na 450 ba na jirgi mai cikakken kaya ba ne. Rumbun Wellington dogo ne a kwance, an raba shi gida uku, kuma da aka cire rabe-raben ya ɗauki bom guda mai kilo 1,814. Wellington ne ya fara jefa irinsa, a kan Emden, daren 31 ga Maris 1941.

Ingancin bom ɗin kansa ya karkata ga Jamus. Bom na gama-gari na Birtaniya a farkon yaƙi kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsa ne abin fashewa, saura ƙarfe. Na Jamus ya kai rabi. Tan biyu a cikin He 111 da tan biyu a cikin Wellington ba ɓarna ɗaya suke yi ba.

Nisan zango ma ya danganta da abin da aka sadaukar. A Janairun 1942 He 111 guda ɗaya, a ƙarƙashin Theo Blaich, ya sha mai a wani fili na hamadar kudancin Libiya ya kai hari Fort Lamy, Njamena ta yau, ya ƙona ma'ajiyar mai. Garin zango ne a hanyar da jiragen Birtaniya ke bi daga Takoradi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartoum da Alƙahira. A hanyar komawa man jirgin ya ƙare, ya yi saukar dole a hamada, sai da aka kai masa mai bayan kwanaki.

Wanda ya iya girma

Bayan an koma dare, abin da ya raba jiragen shi ne wanne ke da wurin karɓar ƙari. Hampden ba shi da shi. Babu inda za a sa keji, babu wurin sababbin na'urori, kuma gwajin sa masa injin Napier Dagger, wanda ya haifar da nau'in da aka kira Hereford, ya ci tura saboda injin na zafi a ƙasa. An ƙera 1,430, rundunar bom ta sallame shi a Satumban 1942, ragowar suka koma jefa tofido. Wellington ya karɓi injin Merlin da Hercules da Twin Wasp na Amurka, ya ɗauki zoben maganaɗisu na tayar da nakiyoyin ruwa, ya ɗauki rada da fitilar farautar jiragen ƙarƙashin teku. An ƙera sama da 11,400, fiye da kowane jirgin bom na Birtaniya, har zuwa Oktoban 1945. Wani ɓangare na wannan yawan dole ce ta kawo shi, domin masana'antun da aka shirya don saƙar Wallis ba sa juyuwa cikin sauƙi zuwa ƙera jirgi mai fatar ƙarfe. Ɗaya daga jiragen Wilhelmshaven, mai lamba N2980, ya faɗa tafkin Loch Ness a ranar 31 ga Disamba 1940 yana aikin horarwa, aka tsamo shi a 1985, yana gidan tarihi na Brooklands yanzu.

Dare ya rage asara, ya kawo matsalar gano inda ake. A nan Jamus ta yi gaba da nisa a 1940: jiragenta na bin igiyar rediyo ta Knickebein, kuma He 111 na ƙungiyar KGr 100 masu wata na'urar bin igiyar rediyo mai suna X-Gerät su suka kunna wutar da sauran suka bi a Coventry daren 14 ga Nuwamba. Jagoran hanya a Wellington ko Hampden kuwa da taswira da agogo da kamfas da auna taurari yake aiki, yana lissafi da hasashen iskar da sau da yawa ba daidai ba ne. Da aka binciki hotunan da jiragen suka ɗauko a rahoton Butt na Agustan 1941, aka tarar cikin waɗanda suka ce sun kai hari, ɗaya cikin uku ne ya zo cikin kilomita takwas daga inda aka tura shi, a yankin Ruhr kuma ɗaya cikin goma. Na'urar Gee, wadda ke nuna wa jiragen Birtaniya inda suke ta hanyar rediyo, ta fara aiki a Maris 1942. A harin jirage 1,047 da aka kai Kolon daren 30 ga Mayu na wannan shekarar, kusan 600 Wellington ne, da yawansu an aro su ne daga makarantun horarwa da malamai da ɗalibai a ciki, Hampden 79, Whitley 28.